Me za mu kira keel da Hausa? Ni dai na tsaya a kan ƙege

Jama'a masu neman kalma, yau ruwa za mu shiga. Kalmar Turancin da ke gabanmu ita ce keel, wato abin nan da ke sauka daga cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya nutse can ƙasa, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga jirgin an ɗora a tudu. Duk mai son ya yi bayanin tsofaffin jiragen faiba na shekarun 1960 da 1970, ya ce wannan zanen wane ne, wancan na wane zamani ne, ba makawa sai ya ambace shi, domin babu abin da ke tona asirin jirgi kamarsa. Fenti ana sakewa, tagogi ana sauyawa, suna ma ana gogewa a rubuta wani. Abin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa yadda aka zuba shi ran farko haka yake zama.

Bari in kawar da maganar faiba tukuna, tunda na ga ana ta kawo "zaren gilashi" a matsayin fassarar fibreglass. Zaren gilashi rabin abin ne. Ana saƙa zaren ya zama yadi, a shimfiɗa shi a cikin mazubi, a jiƙa shi da ƙaron roba, a ƙara wani a kai, a sake jiƙawa, har kaurin ya kai, sannan a bar shi ya daskare. Abin da ya daskare ɗin nan shi ne jikin jirgi, kuma bakin mutane ya riga ya ba shi suna: faiba. A bar zaren gilashi ga yadin da ba a jiƙa ba. Wannan ba sai mun yi doguwar muhawara ba.

To, keel. Abin da mutane suka fi kawowa shi ne "ƙashin bayan jirgi", kuma ba su yi ƙarya ba idan jirgin katako ake nufi. A jirgin katako, shi ne dogon gungumen da ake fara shimfiɗawa, a kafa haƙarƙari a kansa, sannan a rufe da alluna. Idan ka cire shi komai ya watse. Amma jirgin faiba ba shi da haƙarƙari irin wannan, ɓawo ɗaya ne aka zuba daga goshi har ƙeya, shi yake riƙe kansa. Abin da ke ƙasansa ba ya ɗaukar nauyin gini. Aiki biyu yake yi. Na farko, idan iska ta bugi filafilan daga gefe, shi ke hana jirgin zamewa ya bi iska, sai ƙarfin ya koma tura shi gaba. Na biyu, a cikinsa ko a jikinsa ake sa darma ko baƙin ƙarfe mai nauyi, don in jirgin ya kwanta ya sake miƙewa. Kuma ku gwada faɗin "jirgi mai gajeren ƙashin baya" ku ji. Mai sauraro zai ɗauka jirgin ne gajere, alhali ana iya samun jirgi mai tsawon ƙafa 40 da abin ƙasansa bai kai sulusin hakan ba.

Wani ya kawo "takobi". Na ji daɗinsa a kunne, amma siriri kawai yake kamawa. Wani ya ce a ari kalmar yadda take a ce "kil". Ba na ƙin aro, faiba ma aro ne. Sai dai aro yana da daɗi ne in baki ya riga ya saba da shi, kil kuwa babu wanda zai ji ya ga wani abu a idon zuciyarsa.

Ni na tsaya a kan ƙege, ƙegen kifi. Abu ne da ya fito daga jiki, mai faɗi, marar kauri, yana yanka ruwa ta tsaye, kuma aikinsa a jikin kifi shi ne hana shi birkicewa da zamewa. Mafi muhimmanci, kalmar tana karɓar siffa ba tare da gardama ba: dogon ƙege, gajeren ƙege, ƙege mai zurfi, ƙegen ɗagawa. Bari mu gwada ta a kan jiragen kansu, domin kalma sai ta yi aiki ake sanin ingancinta.

Ɗauki Pearson Triton, jirgi mai tsawon ƙafa 28 da Carl Alberg ya zana, wanda aka nuna a baje kolin jiragen ruwa na birnin Niyok a farkon 1959. Ba shi ne jirgin faiba na farko ba. Ray Greene ya riga ya fitar da ƙaramin Rebel a Ohayo tun shekarun 1940, kuma Bounty II na Philip Rhodes ya fito a Kalifoniya a 1956. Amma Triton ne ya samu kasuwa sosai, aka ƙera fiye da 700. In ka tsaya a gefensa yana kan tudu, za ka ga layin goshi ya gangaro a hankali ya shige ƙasa, bai tsaya ba sai can kusa da baya. Jikin jirgi da abin ƙasa sun narke cikin juna, ba za ka iya sa yatsa ka ce nan ciki ya ƙare, nan ƙege ya fara ba. Wannan shi ne dogon ƙege. Alberg, wanda haifaffen Siwidin ne, bai rabu da wannan fasali ba har ƙarshen aikinsa, shi ya sa in ka ga dogon ƙege da aka ɗan yanke gabansa, ga jirgi siriri, ga rufin ɗaki mai hawa biyu, na gaba ƙasa-ƙasa da ƙananan tagogi, na baya ya ɗan ɗaga da manya, to ka fara zargin hannunsa tun kafin ka nemi takarda. Alberg 30 da aka soma ƙerawa a Kanada a 1962 ƙanin Triton ne, kamar an tsaga kara.

Akwai wani abu a jikin Alberg 30 da ya kamata a tsaya a kai. Tsawonsa ƙafa 30 ne, amma tsawon da ke taɓa ruwa bai kai ƙafa 22 ba. Sauran duk a rataye yake a sama, goshi ya miƙa gaba, ƙeya ta miƙa baya. Ba kwalliya ce kawai ba. Dokar awon tsere da Cruising Club of America, ƙungiyar matuƙa ta Amurka, ke amfani da ita a lokacin tana duba tsawon da ke cikin ruwa wajen ƙiyasta gudun jirgi, don haka masu zane suka riƙa rage shi, da sanin cewa in iska ta kwantar da jirgin, ratayen zai shiga ruwa ya ƙara masa gudu. Wannan ina ba shi suna rataye: "jirgi mai dogon rataye". Dogon ƙege tare da dogon rataye, yawanci zanen ƙarshen shekarun 1950 ne zuwa tsakiyar 1960.

Sai 1963, Bill Lapworth ya zo da Cal 40. A nan ne "ƙashin baya" ke faɗuwa warwas. Cikin jirgin shimfiɗaɗɗe ne, sai ga abu guda ya sauka daga tsakiya shi kaɗai, gaba fili, baya fili. Ko yaro ka nuna wa zai ce ƙege ne. Mutane da yawa a lokacin sun ce wannan ba zai jure babban teku ba, sai jiragen Cal 40 suka cinye tseren Transpac, daga Los Anjelis zuwa Hawayi, a 1965 da 1967 da 1969. Daga nan gajeren ƙege ya zama ruwan dare.

Ba a maganar ƙege a bar rudder, allon da ke baya wanda ake karkatawa jirgi ya juya. Wasu sun ce sitiyari, amma sitiyari shi ne abin da hannu ke riƙewa a sama, kuma yawancin waɗannan ƙananan jirage ma sanda ce ake riƙewa, ba sitiyari ba. An kawo "akala", sai dai akala igiya ce. Ni na fi son majuyi, a kan tsarin mabuɗi da matsefi da madubi. Yanzu ku ji yadda bayani ke fita: a Triton, majuyi a manne yake da bayan ƙege. A Cal 40, majuyi ya rabu da ƙege, yana can baya shi kaɗai, sandarsa kawai ke riƙe da shi. A Contessa 26 ta Ingila, wadda ta fito a 1966 ta gaji fasalin Folkboat na ƙasashen arewacin Turai, majuyin a waje yake, an rataya shi a ƙeya, kana ganinsa ko jirgin yana cikin ruwa. Irin wannan jirgin ne Tania Aebi ta zagaya duniya da shi tsakanin 1985 da 1987. Wata alamar Contessa 26 ita ce ba ta da murfin ƙofa mai zamewa, sai wani ɗan tudu da aka zuba tare da rufin, mutum ya sunkuya ya shiga.

Goshi da ƙeya ba na jin akwai mai ja. Goshin jirgi tsohuwar magana ce, ƙeya kuma ita ta dace da allon baya. Amfaninta shi ne a iya cewa ƙeya mai kwanciya baya, ƙeya miƙaƙƙiya, ƙeya mai kwantowa gaba, wannan ta ƙarshe kuwa ta fi yawa daga shekarun 1970. Har lambar jirgi ma a ƙeya take. Tun daga Nuwamba 1972 dokar Amurka ta wajabta a buga lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a saman ƙeya ta hannun dama, ukun farko na nuna kamfanin da ya ƙera. In ka lalubi wurin da yatsa ka ji babu komai, ko dai jirgin ya girmi dokar, ko ba don kasuwar Amurka aka yi shi ba, ko fenti ya cinye ta.

Akwai jiragen da ba su da ƙeya sam, bayansu ma tsini ne. Waɗannan na kira su masu goshi biyu. Kuma a nan ne za ku ga dalilin da ya sa na nace sai an samu sunan abin ƙasa. Westsail 32, na farkon shekarun 1970, mai goshi biyu ne, asalinsa yana komawa ga jiragen ceto da Colin Archer ya zana a Norwe, ta hannun William Atkin. Valiant 40 na Robert Perry, wanda aka zana a 1973, shi ma bayansa a tsuke yake. Mai kallo daga bakin ruwa zai ce dangi ne. A ɗaga su a gani. Westsail dogon ƙege ne daga gaba har baya, majuyi a waje, nauyinsa kusan tan 9 a ƙafa 32, ya fi Cal 40 nauyi duk da ya fi shi gajarta. Valiant kuwa gajeren ƙege ne da majuyi a ware. Tafiyarsu a ruwa ba ta da alaƙa.

Na san inda za a soke ni. Za a ce ƙegen kifi ba shi da nauyi, alhali rabin aikin keel nauyi ne, a jirage da yawa sulusin nauyin jirgin ko fiye a can yake. Gaskiya ne. Amma Turancin ma bai ɗora wa kalma ɗaya aikin biyu ba, nauyin yana da sunansa dabam. Mu ma sai mu ce darmar ƙege, ko nauyin ƙege. Har ya ba mu damar bambanta iri biyu da mai saye ke tambaya: ƙegen da aka zuba tare da jiki aka cusa darma a cikinsa, da ƙegen da aka ƙera dabam aka ɗaure da kusoshi. Na biyun za ka ga siririn layi a inda suka haɗu, wani lokaci da ɗan tsatsa yana tsiyaya. Za a kuma ce dogon ƙege bai yi kama da na kifi ba. Ai akwai kifayen da ƙegensu ke bin jiki kusan daga kai har wutsiya.

Ƙegen ɗagawa shi ne allon da ke ɓuya a cikin jiki, a sauke shi in ruwa ya yi zurfi, a ɗaga in an zo gaɓa. Hinckley Bermuda 40, zanen Bill Tripp da aka fara ƙerawa a 1959, misali ne: gajeren zurfi, ƙegen ɗagawa a ciki, kuma galibi da jigo biyu, wato dogayen sandunan da ke riƙe filafilai, ƙaramin yana can baya bayan sandar majuyi.

Abin da ya rage mini shi ne skeg, ɗan ƙaramin abin da ke sauka a gaban majuyi ya riƙe shi. Shi ne a ƙarƙashin Valiant 40, shi ne kuma a Contessa 32 ta David Sadler, irin jirgin da ɗaya daga cikinsu, Assent, ya zama shi kaɗai ya kammala tseren Fastnet na 1979, a tekun Ingila da Ayalan, a rukuninsa, shekarar da guguwa ta hallaka matuƙa 15. "Ƙaramin ƙege" zai rikice da gajeren ƙege, don haka na ajiye shi. Ina tsakanin "ɗan ƙege" da "madogarin majuyi", kuma na fi karkata ga na biyun saboda ya faɗi aikinsa, duk da ya ɗan yi tsawo a baki. Mai gajeren da ya fi wannan ya kawo, amma ya fara gwada shi a jimlar nan tukuna: Contessa 32 gajeren ƙege ce, majuyinta yana kan madogari.