Muhawara: Shin yawan tafiyar da babur ya yi abin tsoro ne ga mai sayen na hannu?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku kafin in saki kuɗin da na daɗe ina tarawa. An nuna mini babura biyu, dukansu Honda CBR600RR ƙirar 2008, kuma dukansu daga Amurka aka shigo da su. Na farko mitarsa tana nuna 38,000, an ce mutum ɗaya ne ya hau shi tun yana sabo, kuma ya zo da littafin sabis da rasidai. Na biyu 9,000 kawai ya yi, fentinsa sai sheƙi yake yi, amma babu takardar da ta biyo shi sai ta kwastam, kuma ya fi na farkon tsada sosai. Wani abokina ya ce mini yawan tafiya ba komai ba ne a irin wannan babur, kulawa ce kaɗai abin tambaya. Shin haka maganar take?

Alhaji Dillali: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka bai taɓa ƙoƙarin sayar da babur ba, shi ya sa ya faɗi haka. Duk wanda ya zo wurina, kafin ya tambayi kuɗi sai ya murɗa makulli ya dubi mita, kuma da zarar ya ga lamba ta yi yawa sai ya fara neman ragi ko ya juya baya. Kai ma wata rana za ka so ka sauya, kuma a ranar babu mai sauraron labarin kulawa. Ka ɗauki mai 9,000 ka huta.

Injiniya: Kafin a yi nisa, Auta, ka duba ko lambar nan mil ce ko kilomita, domin abin hawan da aka sayar a Amurka da mil yake lissafi. Idan mil ce, to 38,000 ta haura kilomita 61,000, ita kuma 9,000 ta kama kusan kilomita 14,500. Ban yarda da abokinka gaba ɗaya ba, kuma dalilina shi ne yadda aka ƙera injin. Wannan inji mai silinda huɗu jan layinsa, wato iyakar juyin da aka yarda ya kai, yana kan juyi 15,000 a minti ɗaya, kuma ko a giyar ƙarshe, idan kana tafiyar kilomita 120 a awa, yana juyawa fiye da sau 6,000 a minti, wato kusan ninki biyu na abin da injin mota yake yi a wannan gudun. Saboda haka kilomita ɗaya a babur ta fi kilomita ɗaya a mota cin ƙarfe. Wanda ya ce lamba ba ta nufin komai ya manta cewa fistin da zobbansa ba sa komawa sababbi don an rubuta rasidi.

Auta: Na koma na duba, Injiniya, mil ce.

Oga Bakanike: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan ba zan bi ka ba. Babur na 2008 da bai wuce mil 9,000 ba, tambayar da nake fara yi ita ce: ina yake duk shekarun nan? Amsa ɗaya ce cikin uku. Ko dai an jingine shi ya yi shekaru ba a tayar ba, ko ya yi haɗari tun da wuri kamfanin inshora ya yi gwanjonsa, aka saya aka yi masa sababbin robobi da fenti, ko kuma an sauya masa mita. Duka ukun na gani da idona.

Na farkon cikin ukun ma, wato jingine babur ba a hawa, wanda mutane suke ɗauka alheri ne, ya fi ba ni wahala. An taɓa kawo mini wani babur da mai shi yake ta alfahari cewa bai kai kilomita 6,000 ba. Da na buɗe tanki na haska tocila, sai na ga tsatsa ta yi ja a ƙasa, fetur ɗin ya daskare kamar madi yana wari irin na tsohon fenti, ya toshe famfon mai. Ruwan birki, wanda ake so a sauya duk shekara biyu, ya koma baƙi ƙirin. Robobin shakazoban gaba sun bushe, kwana uku da fara hawa suka fara zubar da mai a kan faifan birki. Tayoyin kuwa zanensu bai ko taɓu ba, amma idan ka danna farce sai ka ji kamar busasshiyar fata. Kuɗin da mutumin ya kashe kafin babur ɗin ya hau titi lafiya ya cinye duk abin da yake ganin ya ci riba.

Malam Mahayi: Ni na fi karkata ga Oga, amma ta wata fuskar. Kilomita ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya tashi daga Kano ya miƙe zuwa Abuja a giya shida, inji ya ɗau zafi daidai, baƙin mai yana zagayawa yadda ya kamata, ya tara ɗaruruwan kilomita ba tare da ya wahalar da komai ba. Wanda kuma kullum yake tayar da shi da sanyin safiya ya murɗa totur har ƙarshe don maƙwabta su ji, ya ɗaga tayar gaba a ƙofar gidan biki, ya kashe bayan kilomita biyu, mitarsa ba za ta nuna komai ba, alhali ya gama da kuloci da giya ta biyu. Mita tana ƙirga nisa ne kawai, ba ta ƙirga halin mahayi.

Alhaji Dillali: Na ji ku, kuma ban musa cewa ana sauya mita ba. Amma ku faɗa mini, wanda ya iya sauya mita zai kasa buga littafin sabis? Kun ɗauki takarda kun mai da ita shaidar da ba ta ƙarya.

Injiniya: Wannan magana ta Alhaji tana kan hanya, kuma shi ya sa bai kamata a karɓi littafin da ido rufe ba. Akwai abu ɗaya da za a nema a cikinsa. Honda ta tsara a duba tazarar bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a cikin inji) na wannan babur duk mil 16,000, wato wanda ya yi 38,000 ya kamata a ce an buɗe kan injinsa sau biyu, na uku kuma yana jira a 48,000. Aiki ne mai tsada, domin sai an sauke robobi da tanki da akwatin iska kafin a kai ga wurin, shi ya sa mutane da yawa suke tsallake shi su sayar. Da Yamaha R6 ce, da tazarar ta kai mil 26,600, lissafin kuma da ya bambanta. Idan rasidan sun nuna an yi wannan aiki, da kwanan wata da lambar mita da suka dace da juna, to na yarda da babur ɗin. Idan kuwa juyen baƙin mai kaɗai suka nuna, to yawan tafiyar ya zama bashin da Auta zai biya. Kada kuma mu manta cewa wannan ba Bajaj Boxer ba ce da za ka sami kayanta a kowace kwana. Ƙaramin abu sai ka yi makonni kana jiran a aiko shi daga Legas ko daga waje.

Malam Mahayi: Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta san mita ba. Duk wanda ya zaɓa, idan bai kula da matatar iska ba, kakar hazo biyu ta isa ta daidaita su.

Oga Bakanike: To, Alhaji, ni ba takarda nake karantawa ba, ƙarfe nake karantawa, shi kuwa yana da wuyar saya. A jikin faifan birki an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, sai in auna in gani. Babur da ya yi mil 9,000 na gaskiya bai kamata faifansa ya yi gefe mai kaifi ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 tana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Zan dubi matakin ƙafa da robar hannu in ga ko cinyewarsu ta yi daidai da abin da mita take faɗa. Zan leƙa ƙarƙashin kan babur inda ƙarfe yake tare sitiyari, domin idan ya taɓa faɗuwa da ƙarfi wurin yana lotsewa, kuma masu fenti ba sa tunawa da shi. Idan na ga an huda kan noti na juyen mai da ɗan ƙaramin rami, na san an ɗaure shi da waya an shiga filin tsere da shi. Daga nan sai in cire fulogi in auna matsin kowace silinda, in ga ko huɗun sun yi kusa da juna.

Alhaji Dillali: Duk da haka ina nan a kan bakana game da ranar sayarwa. Ko da mai 38,000 ya ci jarrabawar Oga, kada Auta ya biya kuɗin da aka fara faɗa masa, domin shi ma haka za a yi masa.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga, yaushe za ka sami lokaci mu je tare?

Oga Bakanike: Asabar da sassafe, in Allah ya kai mu. Ka gaya wa mai su kada ya tayar da ko ɗaya kafin mu iso, domin ina so in ji ƙarar sarƙar cikin inji kuma in ga kalar hayaƙi tun yana da sanyi. Zan fara ɗora hannuna a kan bututun salansa, idan na ji ɗumi sai mu koma gida mu dawo Lahadi.