Na gaji da bubu, ina zan samu kayan da za su shige ni?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 22, ina aji uku a Jami'ar Danfodiyo, gidanmu na Runjin Sambo. Ni mai jiki ce tun tasowata, dangin babanmu na biyo, duk gwaggonina haka suke. Ƙannena biyu kuwa sirara ne kamar Inna. Tun muna yara in anka yanko muna kayan sallah, su a yi musu riga da siket, ni a zuba min bubu a ce ya fi rufin asiri. Har yau a makaranta 'yan ajinmu Hajiya suke ce min, wasu har rusunawa suke, sun ɗauka matar aure ce mai 'ya'ya.

Bikin aminiyata saura sati uku. Anko na biya, amma akwai wunin da kowa zai sa nashi. Ranar Asabar na shiga Babbar Kasuwa tun hantsi har la'asar, duk abayar da na gwada sai ta tsaya a damtse. Na ce a ba ni babba, anka miƙo lamba 60, tana jan ƙasa amma hannu ya ƙi shiga. A wani shago yaron ya ce gaban mutane, "sai dai a haɗa miki biyu." Da kuka na iso gida. Ina ake samun kayan 'yan mata masu kyau na irin jikina, waɗanda ba su da tsada?

Telar Mabera: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, an yi miki gurguwar fahimta ne. Lambar abaya, 54, 56, 58, 60, tsawo ce da inci, daga kafaɗa zuwa ƙafa. Ba ruwanta da faɗi. Shi ya sa 60 ta ja ƙasa hannu kuma ya matse. Kayan kanti na Sin kuma XXL ɗinsu ƙarami ne, kada harafi ya ruɗe ki. Shekara 14 ina kan keke, maganinki ɗinki ne. Ki sayi kref marar sheƙi yadi huɗu, ko atamfa turmi guda, yadi shida ya ishe ki har ɗankwali. A yi doguwar riga wadda ta kama ƙarƙashin ƙirji ta buɗe zuwa ƙasa, hannu mai faɗi, a bar rarar inci biyu a ciki. Ɗauki tef ki turo min awon ƙirji, ƙugu, kwankwaso da damtse.

Maman Biyu: Hmm Anti, ku teloli ai sai addu'a. Bayan haihuwata ta biyu na kai leshi yadi biyar, matar ta ce bai isa ba, na ƙaro, ranar suna rigar ta ɓarke a hammata ina cikin baƙi. Dangin miji sunka samu abin faɗi, har yau ƙanwarsa in ta zo sai ta ce in rage cin tuwon dare, alhali goyo nake. Shi kuma maigidan ko uffan.

'Yar Gawon Nama: Ki nemi masu gwanjo ki roƙi su kira ki ranar da za su kwance dila. Kayan Ingila lamba 20 da 22 na da faɗi sosai, ki ɗora kimono a sama. Kuma ki riƙe baƙi da ruwan toka, suna ɓoye jiki.

Telar Mabera: Gwanjo zuwa bikin aminiya? A'a. Na zuwa lacca dai. Baƙi kuma a zafin garin ga da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ta dafe kenan. Yarinya ce, ta sa kala mai haske, zanen dai ya zama ƙanana ko mai gangarowa a tsaye. Likra ce kawai ban yarda da ita ba, tana lafewa a jiki tana fito da duk wani lanƙwasa. Ina jiran awon.

Wata 'yar uwa: Gaskiya ɗaci gare ta. Ki rage ƙiba kawai ki huta. Akwai shayin da nake sha, cikin sati biyu za ki ga canji.

Mai tambaya: Ba wannan na tambaya ba. Na je asibiti bana, jinina da sugana lafiya lau. Anti mai ɗinki na gode, amma tela kam na haƙura. Duk abin da na kai bubu yake dawowa.

Telar Mabera: Wace tela ce wagga? Kin nuna mata hoto?

Mai tambaya: Na nuna. Ƙawar Inna ce, tun ina jaririya take muna ɗinki, kuma tana ɗaga muna ƙafa sai ƙarshen wata. Inna ke kiranta ta ce a sake min jiki. In na kai wani wuri za a ce na raina ta.

Telar Mabera: To ashe matsalar ba a kasuwa take ba. Ki zauna da Inna ki nuna mata ɗinkin, ba matsattse ba ne, ba abin da zai fito. In kina jin nauyi ki sa gwaggonki guda ta yi mata magana, ai sun san zafin abin.

Maman Biyu: Uwa dai ba ta so ki da sharri. Ni da tawa na raye da ko buhu ta ce in sa zan sa.

Mai tambaya: Allah ya jiƙanta. Ni ma ban ce tana nufina da sharri ba, amma ba ku san Inna ba, magana ɗaya take yi. Yanzu dai na ga wata mai saidawa a Instagram daga Kano, tana da abaya mai fuka-fuki, ta ce kowa tana shiga. Kuɗinta ya kusa cinye abin da ke hannuna har da na mota, amma ina ganin gobe zan tura.

'Yar Gawon Nama: Ta yarda a maido in ba ta yi ba? Ni an taɓa turo min wata daban da ta hoto, daga nan lambar ta daina shiga.

Telar Mabera: Mai fuka-fuki ai bubu ce da ta je Dubai, abin da kike gudu shi za ki saya da tsada. Kafin ki tura ko sisi ki ce ta ɗora tef a kan rigar ta ɗauko miki hoto. Kuma har yanzu ba ki ba ni awon nan ba.