Injin haƙar burtsatse: na Indiya ko na China?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara shida ina bin motar wani ina ɗaura rodi, yanzu Allah ya hore, ni da yayana za mu sayi namu na hannu. An nuna mana biyu, na Indiya a kan babbar motar Ashok Leyland, da wani ƙarami na China mai tafiya a kan sarƙa. Wanne zan ɗauka?

Injiniya: Wa alaikumus salam. A wace ƙasa za ka riƙa haƙa?

Oga Makaniki: Da kwamfiresa, wato injin iska, ko babu? Fara da wannan.

Ɗan Auta: Na Indiyan da tasa a jiki, na Chinan babu. Aiki kuwa duk inda aka kira, Oga. Kano, Jigawa, har Yobe in ta kama.

Alhajin Zariya: "Duk inda aka kira" ɗin nan ita ta taɓa cinye mini jari, ɗana, don haka gyara zama. Mu nan Zazzau mun saba da dutse. Ka wuce jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse, ka sa kesin na wucin gadi, wato bututun da ke tare bangon rami, ka saukar da hama, gudumar da ke fasa dutse, iska ta riƙa buga ta tana feso garin dutse waje har ka dace da tsagar da ruwa yake. Sai wani ɗan kwangila ya kira ni aiki can gabas da Haɗeja. Ban tambayi kowa ba, na kwashi yara da motoci biyu muka tafi. Ashe can babu dutse, yashi ne da laka har inda rodinka ya ƙare. Muna sakin iska ramin ya fara cin gefensa. A mita 38 yashi ya rufto ya riƙe hama. Muka ja, muka juya, injin na kuka, tiyon haidirolik ya fashe, mai ya wanke yaron da ke kan liba. Kwana huɗu muna fama. Ƙarshe hama da bit, wato bakin haƙa, da rodi bakwai muka bar wa ƙasar Haɗeja, ɗan kwangilar kuma ya ce ba zai biya ramin da babu ruwa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, wasu yara da ɗan ƙaramin inji da famfon laka suka zo bayanmu, suka haƙa ramuka biyu a gefe, suka kwaɓa lakar bentonait a ciki, lakar na shafe bangon ramin tana ɗauko yashin zuwa sama, suka gama lafiya lau. Ka tambaya ko injin da za ka saya yana da famfon laka. In babu, kada ka wuce inda dutse ya ƙare.

Bakano: Allah sarki. Bazazzagi ya je ƙasar yashi da guduma, me ake jira?

Alhajin Zariya: Kai dai yi shiru, ku da kuke huda rijiya uku a layi ɗaya kuna shanye ruwan juna.

Bakano: Ranka ya daɗe ai ciniki ne, mai gida ya ce a haƙa.

Injiniya: Wasa a gefe, wannan abu na damuna. Ruwan cikin dutse a tsaga yake, ba kogi ba ne a ƙasa. Maƙwabci ya zurfafa tasa ya sa babban sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, taka ta fara tari. Kuma yawancinku ba kwa son a yi awon ƙasa na neman inda ruwa yake kafin haƙa.

Bakano: Injiniya, mai awon da ya nuna mini wuri bara busasshen rami muka samu.

Injiniya: Awo ba duba ba ne, yana rage asara ne kawai.

Oga Makaniki: Ku bar yaron nan ya samu amsa. Ƙanena, ko wanne ne, kada ka saya da sanyin safiya. Ka sa a tayar da shi ya yi aiki awa biyu har mai ya yi zafi. In kan da ke juya rodi ya fara rasa ƙarfi bayan mai ya ɗumama, babban famfon haidirolik ya gaji, kuma shi ne tsadar. Buɗe tanki ka duba man: in ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. Duba silinda ko tana zufa, ka gwada ƙarfin jansa sama, don ranar da rodi ya maƙale shi zai cece ka. A zafinmu na Afrilu ni man haidirolik lamba 68 nake zubawa. Kuma don Allah a daina ɗura man haidirolik da jarkar da aka ɗebo gas, rabin injinan da ake kawo mini ƙura ce ta kashe su.

Malam na Maiduguri: Gaskiya ne. Mu nan sai laka, hama ba ta da aiki. Mai neman ruwan tsakiya kuma, wato wanda ke can ƙasa da ruwan farko, sai ya shirya rodi na ɗaruruwan mita, ƙaramin injin nan ba zai iya ɗaga su ba.

Ɗan Auta: To Oga, na Chinan fa? Kuɗinsa ya fi sauƙi sosai.

Oga Makaniki: Sauƙin na ganin ido ne, tunda sai ka yi hayar kwamfiresa. Hama mai inci 6 tana son iska mai ƙarfi, irin Atlas Copco XRVS ɗin nan mai kai bar 25. Je ka tambayi hayarta a yini da gas ɗin da take sha, ka dawo mu yi lissafi.

Bakano: Amma na Chinan yana shiga lungu. Cikin Birni akwai inda Leyland ko a mafarki ba za ta shiga ba, ni da irinsa nake ci.

Injiniya: Na Indiyan yawanci daga Tiruchengode ake haɗo su, a jihar Tamil Nadu, garin da sana'arsu ke nan. Ba su da tarkacen lantarki da yawa, makanikinmu na iya kwance su.

Hajiya mai gidan ruwa: Ku yi haƙuri na shigo muku. Rijiyata tun watan jiya take kawo yashi, har ya cinye sumo ɗaya. Laifin wa?

Alhajin Zariya: Hajiya, an zuba tsakuwa a bayan kesin kuwa?

Hajiya mai gidan ruwa: Wallahi Alhaji ban sani ba, ina Umara aka yi aikin.

Malam na Maiduguri: To ko ba a zuba ba, ko da zarto aka tsaga sikirin ɗin, wato bututun da ke tace ruwan. A ɗaga sumon sama kaɗan tukuna, a sa kwamfiresa ta wanke ramin a gani.

Ɗan Auta: Iyayena, ni dai har yanzu ban ji wanda zan saya ba.

Oga Makaniki: Turo hoton farantin bayanai da ke jikin famfon haidirolik, da awannin da kwamfiresar ta yi. Asabar ina Ƙofar Ruwa, in motar na kusa sai mu leƙa tare.

Bakano: Kafin nan, wa ke da bit mai inci 6 da zai ara mini zuwa Laraba? Nawa haƙora uku sun zube.

Alhajin Zariya: Ina da shi, amma Bakano sai da jingina.