Wai taron Apple ne "uban" tarukan masu manhaja? Yadda ta kaya a guruf ɗin Bauchi da Gombe

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Sati biyu ina sanarwa a guruf ɗin nan cewa ranar Litinin za mu haɗu mu kalli buɗe WWDC, taron shekara-shekara da Apple ke yi wa masu rubuta manhaja, kai tsaye. Na aro majigi, na zuba mai a janareta, na sa data da kuɗina, har masa na sa aka soya. Mutum ashirin da bakwai suka ce suna tafe. Huɗu suka zo, cikinsu ɗaya cajin waya ya kawo shi. Amma watan jiya da aka yi kallon Google I/O, irin wannan taron na Google, har ta taga ake leƙe, don an ji za a raba riga da sitika. To ku sani, taron da kuka raina shi ne uban duk tarukan nan. Tun 1983 Apple ke tara masu rubuta manhaja, lokacin waɗanda suka kafa Google suna 'yan firamare. Google I/O kuwa sai 2008.

Mai Gyara na Wunti: Oga ina cikin huɗun, kuma ba caji kaɗai ya kai ni ba. Masar ta yi.

Ɗan Jekadafari: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma uba? A ina ka samo 1983 ɗin ma? Apple da bakinsu suka ce taron 2019 shi ne shekara ta 30. Yi lissafi, 1990 ke nan. Mutane na rage shekaru, kai kana ƙara wa uban naka bakwai.

Ɗan Yelwa: Uban wa? Malam ka janye wannan maganar. Ban sa iyayen kowa a ciki ba.

Ɗan Jekadafari: Ikon Allah. Kai ka kawo uba cikin zance, ni na bi ka. Uban taron nake nufi.

Admin: Jama'a a kiyaye harshe. Ɗan Jekadafari, gyara rubutunka.

Ɗan Jekadafari: Na gyara. "Uban nasu."

Ɗan Yelwa: A 1983 an yi taron a garin Montare da ke Kalifoniya, na masu rubuta manhaja masu zaman kansu. Sunan WWDC ne bai zo ba sai daga baya. Shekarun yaro daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar suna ba.

Ɗan Jekadafari: Suna kwana bakwai ake yi a garinmu, ba shekara bakwai ba.

Ɗan Yelwa: Garinku da sai 1 ga Oktoba 1996 aka yanke muku jiha daga jikin Bauchi. In haka ne, kafin 1996 babu Gombe ke nan?

Ɗan Jekadafari: A'a, kar ka soma. Masarautar Gombe tun zamanin jihadi take, Buba Yero ya kafa ta. Jihar Bauchin ma da kake taƙama da ita ai 1976 ce, daga Jihar Arewa maso Gabas aka fitar da ita.

Ɗan Yelwa: Madalla. Ka ga da bakinka ka yarda abu na iya wanzuwa kafin takarda ta ba shi suna. Na gode.

Ɗan Tumfure: Ku zo Gombe ku ga titi tukuna, sannan a yi maganar wa ya haifi wa.

Mai Gyara na Wunti: Titi ake ci? Har gobe in za ku ci masa ta gaske nan kuke zuwa.

Malam na Jami'a: Yara, ina karanta ku ina dariya. In tsufa ake nema, tun 1955 masu aiki da manyan kwamfutocin IBM suka kafa ƙungiyar SHARE a Amurka, suna haɗuwa suna musayar manhajojin da suka rubuta. A shekarar aka haifi Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple. To wane uba kuma?

Ɗan Yelwa: Allah ya gafarta Malam, wannan ai ƙungiyar masu amfani da kaya ce, ba kamfanin ne ya kira taron ba. In an matsa sai mu ce kaka ce.

Malam na Jami'a: To ka yarda uban naka yana da uba.

Ɗan Yelwa: Malam, kai ma?

Anti Mai Flutter: Ni ban damu da shekara ba. A gidan Bahaushe ba furfura ke sa a kira mutum uba ba, cefane ne. Kafin ka sa manhaja a shagon Apple, dala 99 duk shekara. Google dala 25 ce, sau ɗaya, an gama. Sannan Xcode, manhajar da ake rubuta manhajojin Apple da ita, ba ya hawa sai kan Mac, kwamfutar Apple, ɗalibin Gwallameji da ke fama da tsohuwar HP ina zai samo? Tikitin WWDC kafin korona dala 1,599 ne, kuma tun 2014 ko kana da kuɗin sai an yi ƙuri'a sunanka ya fito. Google kuwa a taron 2009 wayar Android suka raba wa duk wanda ya halarta. Uban da zai sayar wa ɗansa tikitin shiga zaure, wannan mijin uwa ne.

Ɗan Tumfure: Anti ta kashe bakin tsanya.

Ɗan Yelwa: Anti da girmanki. Shi Google I/O ɗin kyauta ake shiga? Kafin korona tikitinsa ma ya haura dala dubu. Ƙuri'ar da kike faɗa kuma dole ce ta sa, don a 2013 tikitin Apple ko minti biyu bai yi ba ya ƙare. Kuma ki gaya mini, a 2020 da annoba ta zo wa ya tsaya? Google soke nasu suka yi gaba ɗaya. Apple suka mayar da nasu kan intanet, kowa ya kalla kyauta, har mu nan Yelwa. Uba ba ya tserewa ranar da gida ya kama da wuta.

Anti Mai Flutter: Sai da annoba ta zo ya tuna yana da 'ya'ya a Yelwa? Ƙanena, bar wannan.

Auta: Yayye ku yi haƙuri, ni sabo ne. Amma ba a WWDC aka fara nuna iPhone ba? Ai wannan kaɗai ya isa a ce uba ne.

Ɗan Jekadafari: Auta zauna. A Macworld aka nuna shi, Janairun 2007, wani taro ne daban. Abin da ya faru a WWDC na shekarar shi ne Steve Jobs ya ce wa masu manhaja in suna son iPhone su je su rubuta shafukan intanet da za su buɗe a Safari, burauzar Apple. Ƙofa ya rufe musu. Sai Yulin 2008 aka buɗe App Store. Ka ji aikin uba.

Ɗan Yelwa: Amma ya buɗe ko bai buɗe ba? Kuma a dandalin WWDC aka sanar da komawar Mac kan furosesan kamfanin Intel a 2005, aka fito da yaren rubuta manhaja na Swift a 2014, aka sanar da barin Intel ɗin a 2020. Ku me kuka nuna a Google I/O? Manhajar saƙonni ta Google Wave a 2009, shekara na zagayowa aka yi watsi da shi. A 2012 har daga sama aka diro da laima sanye da tabarau ɗin Google Glass. Ina tabarau ɗin yau?

Mai Gyara na Wunti: Barin Intel ɗin nan ni ya cuta. Mac ɗin yanzu in RAM ya yi wa mutum kaɗan ba abin da zan iya ƙara masa, a manne yake. Kwastoma ya zo ya tafi da kuɗinsa.

Anti Mai Flutter: In maganar binne 'ya'ya ce, wa ya kai Apple? A WWDC na 2002 akwatin gawa aka fito da shi kan dandali, Steve Jobs ya sa Mac OS 9, tsohuwar babbar manhajar Mac, a ciki ya yi masa jawabin ban kwana.

Ustaz na Jahun: Subhanallahi. Jana'izar manhaja kuma? Shi ne ake so mu bar sallah mu je kallo? Ni abin da ya hana ni zuwa ke nan. Ƙarfe goma na safiyarsu shi ne shidan yammarmu, ana cikin jawabi za a kira Magariba.

Ɗan Yelwa: Ustaz ji tsoron Allah. Na Google ma shidan yamma aka fara, kuma a sahun gaba na gan ka, da rigarka a kafaɗa. Mu huɗun ma mun tsayar da majigi mun yi jam'i.

Ustaz na Jahun: Rigar ƙanena na karɓar wa.

Ɗan Tumfure: Duk wanda ke kare Apple a guruf ɗin nan ya turo hoton wayarsa mu gani.

Ɗan Yelwa: Wayata ba ta shafe ka ba.

Mai Gyara na Wunti: Tecno ce. Ni na canza mata gilashi.

Ɗan Yelwa: iPhone ɗin tana wajen gyara.

Mai Gyara na Wunti: Ba dai wajena ba.

Auta: To yanzu 1983 ne ko 1990? Ina son in rubuta a aikin makaranta.

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma don waɗanda ba su bi ba. Na ɗaya, an tabbatar WWDC a 1990 ya fara, tunda masu abin ne suka faɗa, maganar 1983 ba a kawo hujja ba. Na biyu, kusan kowa ya yarda kalmar uba ba ta dace da Apple ba, kamar yadda Anti ta yi bayani mai gamsarwa kan dala 99 da tikiti. Malam kuma ya nuna mana akwai waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba. Na uku, lokacin taron Apple yana cin Magariba, a duba wannan nan gaba. Maganar Bauchi da Gombe ba ta cikin tsarin guruf, duk da dai kowa ya san masa ta Bauchi ce. Sanarwa: ajin Android na ranar Asabar yana nan, akwai sauran sitika.

Ɗan Yelwa: Admin, ina maganar 2020? Ina Google Wave? Na Google ma yana cin Magariba, na faɗa. Kuma mutum ashirin da ukun da suka ce za su zo ba su zo ba, wa zai biya ni kuɗin mai?

Ɗan Jekadafari: Ka tambayi uban.

*Admin ya sauya saitin guruf: admin kaɗai ke iya tura saƙo.*