Motsi ko sauti, wanne zan ɗauka a aikinmu na ƙarshen zango?

Hajara_Zane: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure min. Mu uku aka haɗa a aikin ƙarshen zango, katun na minti ɗaya: yaro yana tafiya, ya tsaya, ya yi magana jimla biyu. Sati shida aka ba mu. Ɗaya ta riga ta ɗauki gina siffar yaron da saka masa ƙasusuwa. Saura motsi da sauti, an ce in zaɓa kafin Litinin. Raina yana kan motsi, amma iyakar abin da na taɓa yi a Blender, manhajar haɗa katun, ƙwallo ce mai tsalle da tafiya guda ɗaya, kwamfutata kuma RAM 8 gare ta. Sauti kuwa ban taɓa shi ba sam. Wanda ya yi irin wannan aikin yana ɗalibi, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Kabiru3D: Wa alaikumus salam. Ki bar Blender ki koma Maya, ita manyan kamfanoni suke tambaya.

Ummi_K: Kabiru, Maya ai ta kuɗi ce.

Kabiru3D: Kyauta ce ga ɗalibi. Lasisin shekara guda suke bayarwa in kin tura shaidar makaranta.

Ummi_K: Na karatu ne kawai, ba a aikin kuɗi da shi, kuma kina gama makaranta sai biya. Sati shida gare ta, ka ce ta koyi sabuwar manhaja? RAM ɗin ma ni 8 ɗin nake da ita, ta ishe ni.

Kabiru3D: Ƙasa da 16 wahala ce kawai. Ni sai da na kai 32 na huta.

Malam_Sani: Hajara, fara da lissafi. Daƙiƙa ɗaya firem 24 ce, wato hotuna 24 a jere, minti ɗaya ke nan 1,440. Da zanen hannu ne, ana iya riƙe kowane zane firem biyu ya zama 12 a daƙiƙa, duk da haka 720 ne. Tafiya ta yau da kullum taku ɗaya kamar firem 12 yake ci, da tsayuwa huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka, ƙafar baya ta wuce, jiki ya ɗago. In kin iya wannan da kyau, maimaita shi za ki yi, rabin mintin ya tafi. RAM 8 za ta ɗauki motsi, wajen fitar da hoton ƙarshe ne take nishi. Ki riƙa duba aikinki ba haske ba inuwa, ki bar kwalliyar sai ƙarshe.

Auwal_Firem: Ƙanwata, ni ba manhaja zan yi miki magana a kai ba. Bara na ɗauki motsi a irin wannan aikin, mu huɗu. Mai sauti ya turo min muryar da ya naɗa a waya, ya ce in fara da ita. Na zauna sati uku ina daidaita baki. Duk inda aka ce m ko b sai leɓe ya rufe aƙalla firem biyu, in ba haka ba ido ba ya kama shi. Akwai jimla guda da na yi kwana huɗu a kanta, madubi a gefen kwamfuta, ina furta kalmar ina kallon bakina, har na samu girar tana ɗagawa kafin kalmar ta fito. Saura kwana biyar mu miƙa, sai ga shi da sabuwar murya. Wai ta farko akwai ƙarar fanka. Ya sa wani daban ya karanta, mai saurin magana, ya kuma ƙara kalma biyu daga kansa. Bakin da na yi duk ya tashi a banza. Kwana uku ban runtsa ba, ranar nuni kuma bakin yana gefe murya tana gefe, ajin ya fashe da dariya. Ni aka kalla, don ni ne mai motsi. Da sunaye suka fito a ƙarshen fim, nawa ne na huɗu. Wallahi har yau ban iya buɗe fayil ɗin nan ba.

Ummi_K: Subhanallahi. Allah ya saka maka, Yaya Auwal.

Auwal_Firem: Amin. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Bilkisu_Sauti: Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, amma kada a shafa wa duk masu sauti kashin kaji. Ƙa'ida ai sananniya ce: murya ake fara naɗa, a rufe ta, sannan mai motsi ya taɓa baki. Hajara, ni sauti na ɗauka ba da son raina ba, yanzu shi nake yi. Audacity, manhajar naɗa sauti, kawai na yi amfani da ita. Na shiga cikin durowar kaya na rufa da bargo na naɗi muryar, don tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Takun ƙafa kuma tire na cika da yashi, na sa hannuwana cikin takalma ina bin hoton taku bayan taku. Da na ɗora shi, yaron da yake kamar takarda sai ya yi nauyi, kin ji shi yana taka ƙasa. Wannan sana'ar sunan Jack Foley take ɗauke da shi, wanda ya yi ta a kamfanin fim na Universal tun farkon fim mai magana. Ki naɗa a saitin sauti na 48 kHz, shi bidiyo yake so, ki kuma ɗauki shirun ɗakin na rabin minti don cike tsakanin jimloli.

Kabiru3D: Sauti ai saukewa ake yi daga intanet, aikin yini ɗaya ne.

Bilkisu_Sauti: Shi ya sa katun ɗin ɗalibai duk ƙarar buɗe ƙofa iri ɗaya ake ji a cikinsu. Fim ɗin katun Flow da ya ci kyautar Oscar a 2025, da Blender ɗin da ka raina aka yi shi, ba kalma ko ɗaya a ciki, kukan dabbobin gaske ne ya riƙe shi. Da muryar dabbar nan kafibara, ƙatuwar dangin ɓera da ke cikin fim ɗin, ba ta dace ba, ta ɗan raƙumi suka sa.

Ɗan_Baba: In kukan raƙumi ake nema, ku zo ku naɗi ƙanena lokacin da ake tashinsa makaranta. Ba sai an gyara ba.

Kabiru3D: Bilkisu, ke da ba ki gama aji uku ba za ki koya min? Shekara biyar ina wannan harka.

Bilkisu_Sauti: Hajara ma ɗaliba ce, ɗalibai ta ce su ba ta labari. Kai ka taɓa haɗa sautin fim ko na daƙiƙa goma?

Malam_Sani: Ku yi haƙuri da juna. Kowa ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa.

Auwal_Firem: Malam, ku da kuke koyarwa ya kamata ku ji wannan. Me ya sa ake raba maki daidai? Wanda ya lalata min aiki makinmu ɗaya da shi.

Ummi_K: Mu namu ya fi haka. Akwai wadda ba mu gan ta ba sai ranar nuni, ta zo ta tsaya a gaba ita ce mai bayani. A lasifikar kwamfuta kuma aka kunna fim ɗin, sautin da muka yi sati biyu muna haɗawa ko na layin gaba bai ji ba.

Malam_Sani: Ni nakan sa kowa ya kawo fayil ɗinsa daban, in tambaye shi a kai. Amma ɗalibi sittin, malami ɗaya, ku ma ku duba.

Hajara_Zane: Na gode ƙwarai, duk na karanta. Yaya Auwal, labarinka ya tsorata ni, don wanda zai ɗauki abin da na bari ban san aikinsa ba. In na ɗauki motsi, sati nawa zan ba shi ya rufe muryar? Har yanzu ba wanda ya ce min ko sati shida zai ishi mai tafiya ɗaya tak a hannu.

Auwal_Firem: Ki sa ya rubuta a takarda ya sa hannu. Ummi, waccan da ta tsaya gaba, nawa aka ba ta?