Muhawara: wa ya kamata ya riƙe sashen kiɗa in an buɗe shi a jami'ar Maraɗi?

Malamin lise: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: in wata rana aka buɗe sashen koyar da kiɗa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda zai riƙe shi dole ya zamo dakta, mai iya karanta rubutun kiɗa na solfej. Makaɗin gado, komai ƙwarewarsa, sai dai a gayyato shi ya nuna ya tafi. Jami'a da tsarinta take: lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan dakta, kuma CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'i a ƙasashen Afirka irin namu, da abin da malami ya rubuta take auna shi.

Ɗan gidan kalangu: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi maganar nan ta sosa mini rai. Mahaifina kalangu ya kaɗa wa mahauta har ƙarfinsa ya ƙare. Da asuba in akwai sanyi sai ya kara fatar kusa da garwashi, yana ɗan bugawa da yatsa yana saurare, har muryar ta dawo daidai. In ya sa kalangun a hammata ya matse tsirkiya, murya ta hau, ya saki ta sauko, da haka yake kiran mutum da takensa ba tare da ya buɗe baki ba, mai taken kuma ya waiwayo daga can cikin kasuwa. A wane shafi na solfej aka rubuta wannan? Yaron da ya zo koyon kiɗa, hannunsa da kunnensa za a gyara. Wanda bai taɓa fasa fata ya ɗaura wata ba, ta yaya zai gane kuskuren yaro?

Malamin lise: Ƙanena, ban raina Baba ba, Allah ya jiƙansa. Amma wa zai tsara darussa zango bayan zango? Wa zai duba kundin ɗalibi, ya tsaya gaban majalisar jami'a ya nemo kuɗin kayan aiki? A jami'ar Nsukka ta Najeriya tun 1961 suke da sashen kiɗa, kuma tsari ne ya riƙe shi.

Wata Hajiya, ma'aikaciyar rediyo: Ku biyun ku ji wannan. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Alhaji Taya tun 1989. Marigayi Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin ƙabilar Buduma mai kaɗa biram, kayan kiɗan nan mai tsirkiya 5 da ya yi kama da kwalekwale. Zama ya yi gabansa kamar kowane almajiri. Da hukuma ba ta biya ba, da bai je ba. Da kuma an ce tsohon sai ya kawo diploma tukuna, da biram ya bi shi kabari. Barka ya rasu a 2018, amma ya riga ya kai biram har Turai.

Ɗan gidan kalangu: Allah ya saka da alheri Hajiya. To Malam, a nan wane ne malamin?

Malamin lise: Bukar Tar ne, ban musa ba. Sai dai koyar da mutum ɗaya daban, riƙe sashe mai ɗalibai da jarrabawa daban.

Wani dattijo: 'Ya'yana, ni abin da ke damuna mutunci ne. Mun sha gani a taro, a kira makaɗi ya cika wuri, masu takarda suna kan kujera, shi yana tsaye a rana, a ƙarshe a damƙa masa kuɗin mota. In haka sashen zai zama, gara kar a buɗe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, abu ne mai kyau, amma girmamawa ba aji ba ce, ba kuma albashi ba ce. Masu tambari da kakaki na fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da na Gobir a Tibiri suna nan da ransu, jikokinsu da yawa sun kama wata sana'a. Wa zai karɓa daga hannunsu?

Ɗaliba a sashen noma: Baba, ku yi mini izini. A wurinmu malami yana koyarwa a aji, amma ba a ba ka maki sai ka shiga gona. Me zai hana dakta ya riƙe ofis da bincike, makaɗi ya riƙe ajin hannu da albashinsa na wata, kuma ranar jarrabawar kiɗa makinsa ne ke tsayawa?

Malamin lise: Albashi na yarda, ɗiyata. Maki kuwa sai an zauna, don dokar jami'a ta san wanda ke sa hannu a takardar sakamako.

Ɗan gidan kalangu: To a gyara dokar, Malam. In yaro ya kaɗa taken mahauta ya karkace, dakta ba zai ji ba, mu za mu ji. Ba zan yarda a ba shi shaidar ya iya ba alhali duk 'yan kasuwar Maraɗi sun san bai iya ba.