Muhawara kan The Black Book: hoton ya yi, labarin fa?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, daren jiya na sake kallon The Black Book, kuma ina nan kan bakana. Tun da Netflix ta sake shi a Satumbar 2023, ban ga fim ɗin masu laifi da 'yan sanda na Najeriya da ya kama ƙafarsa ba.

'Yar Kawo: Yaya, rabin farko na yarda da kai. Dattijo mai hidimar coci, an ɗora wa ɗansa tilo laifin satar mutane, gurɓatattun jami'ai suka kashe yaron, uban ba abin da yake nema sai a wanke sunansa. Wallahi sai da na share hawaye. Amma daga tsakiya labarin ya yi rassa: ga janar, ga 'yar jarida, ga ƙungiyar mata masu bindiga, ga littafin asiri. Yaron da muka zauna dominsa sai ya ɓace a cikin hayaniya.

Ɗan Tudun Wada: Ƙanwata, ai rassan su ne maganar. Daraktan fim ɗin, Editi Effiong, yana nuna miki ne cewa ɓarnar yau tana da saiwa tun zamanin mulkin soja. Wanda ya san yadda aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a 1986, zancen 'yar jaridar nan ba zai zame masa ƙari ba.

Malamin Unguwar Rimi: Ni abin da ya riƙe ni Richard Mofe-Damijo ne, wanda ya fito a matsayin uban. Bai yi ihu ba, bai yi birgima ba, da ido da tafiyar kafaɗa ya yi makokin. Kuma abin ya taɓa ni a gida. An taɓa tsare ƙanena kwana biyu saboda askinsa kawai, muka yi ta zarya kafin a sako shi. Duk wanda ya ga zanga-zangar EndSARS ta 2020 ya san ba ƙirƙira ba ce. Sai dai gaskiya 'yar Kawo ba ta yi ƙarya ba, ƙarshen an yi shi a gurguje.

'Yar Kawo: Na gode, Malam. Sannan ga abin da ya fi ci mini rai: an zo har jiharmu ta Kaduna an ɗauki wani sashe, hoton ya fito tas, amma ina mutanenmu a labarin? Fili kawai muka ba da.

Ɗan Tudun Wada: Wannan kam kin kama ni. Amma ki duba haske da sauti da yadda aka tsara faɗan, kuɗin da aka zuba ya nuna kansa.

'Yar Kawo: Ya nuna, Yaya. Da an rage mutum uku an bar mu da uban da ɗansa, da ni zan fara tsaya maka.

Malamin Unguwar Rimi: To, Asabar ku zo gidana bayan la'asar mu sake kallon rabin ƙarshen tare, ina so in ƙirga wuraren da labarin ya yi tsalle.